Ƙaramar ƙungiya za ta iya fitar da babba a Kofin Challenge?

Tambayar ta fito ne daga wani ɗan'uwa da ke aiki a arewacin Ingila. Ya ce abokan aikinsa ba su da zance sai na zari-ruga, irin wanda ake yi da 'yan wasa 13, wato rugby league. Tun ranar da ƙuri'a ta haɗa ƙungiyar garinsu, wadda ke rukuni na biyu, da wata daga babban rukunin Super League a Kofin Challenge, gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Wasu na cewa a tuna abin da Sheffield ta yi wa Wigan a 1998, wasu na cewa fatansu kawai kada dukan ya yi yawa. Shi kuwa ɗan kallon ƙwallon ƙafa ne, ya saba ganin ƙanana suna kunyata manya a Kofin FA. Yana son sanin da me ake auna damar ƙungiya a irin wannan karawa, kuma wane ɓangare ne ya fi kusa da gaskiya.

Ɗan'uwa, masu fargabar sun fi kusa da gaskiya, amma ba a kowane hali ba, kuma akwai hanyar gane ranar da abin mamaki zai iya faruwa. Kafin mu kai nan, sai ka ajiye ma'aunin ƙwallon ƙafa gefe guda, domin shi ne zai fara ruɗa ka.

A ƙwallon ƙafa, ƙaramar ƙungiya na iya tara mutum goma a bakin raga, ta bar wa babbar ƙwallo ta yi ta yawo da ita, mai tsaron gida ya yi sa'ar rana, sannan a sami kwana ɗaya a zura. Ci ɗaya ya isa. A zari-ruga na 13 babu wannan mafakar. Dokar wasan ta raba ƙwallo tsakanin ɓangarorin biyu: kana da kamu shida, idan aka kayar da ɗan wasanka sau shida ba ka ci ba, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Shi ya sa a kamu na ƙarshe ake dirka ta can nesa da ƙafa. Kuma maki na zuwa da yawa. Wanda ya dangwala ƙwallo a bayan layin abokan karawa, abin da ake kira tirai, ya sami maki 4, bugun ƙari da ke biyo baya 2, bugun hukunci 2, bugun da ake sakin ƙwallo ta taɓa ƙasa a ɗaga ta tsakanin sanduna kuma maki 1. Wasan da ake cin maki sau bakwai ko takwas a cikinsa ba ya barin wa sa'a fili kamar wasan da ake ci sau ɗaya.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne yadda tsaro ke cin jiki. In ka je fili, ka ɗauke ido daga kan ƙwallo na minti biyu, ka dubi layin masu tsaro. Duk lokacin da aka kayar da mutum, in ban da biyun da ke tsaye a gabansa, sauran sai sun ja da baya mita 10, su jira ya tura ƙwallo da ƙafa ta bayansa, sannan su rugo gaba su tari ƙato mai nauyin kilo ɗari da wani abu. Su kayar da shi, su tashi, su sake ja da baya. Sau shida. In ƙungiyarsu ta karɓi ƙwallo ta yar a kamu na farko, sai su koma su sake wani shidan ba tare da sun yi numfashi ba. Can cikin wasa za ka ga wani ya dafe ƙugu, wani yana komawa layi da tafiya maimakon gudu, wani ya tsaya taku biyu a bayan 'yan'uwansa. Ta wannan ɗan gibin na taku biyu ake wucewa. Duk lissafin damar ƙaramar ƙungiya yana komawa ga tambaya ɗaya: har zuwa minti na nawa ƙafafunta za su ɗauke ta?

Nan ne bambancin rukuni ke fitowa fili. 'Yan wasan Super League ba su da sana'ar da ta wuce wannan. Suna atisaye da safe, suna da masu kula da abincinsu da hutunsu. A rukuni na biyu kuwa, ƙungiyoyi da yawa 'yan wasansu magina ne, masu gyaran famfo, malaman makaranta, sai sun tashi daga aiki suke zuwa atisaye da dare. Ba jarumta suka rasa ba, kuma wasunsu a iya wasa ba a fi su ba. A minti 30 na farko da ƙyar za ka bambance. A 2019 Halifax, daga rukuni na biyu, ta kai wasan kusa da na ƙarshe ta haɗu da St Helens, wadda ta fi kowa ƙarfi a Ingila a shekarar. Har aka je hutun rabin lokaci wasan a buɗe yake, magoya bayan Halifax suna ta waƙa. Aka tashi 26 da 2. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma a wannan wasa miyar tana ƙarewa ne wajen minti na 55 zuwa 60. In tazarar ta fi haka faɗi, sakamakon kan yi muni sosai: a 2011 York, wadda ita kanta ba babbar ƙungiya ba ce a lokacin, ta lallasa ɗaliban Jami'ar Northumbria da maki 132 da nema a wannan kofi.

To, batun Sheffield fa? Abokan aikinka suna da hujjar tunawa da shi, domin babu wasan ƙarshe da ya girgiza mutane kamarsa. Wigan ce ta ɗauki kofin sau takwas a jere, daga 1988 zuwa 1995, kuma a 1998 tana da Andy Farrell da Jason Robinson da Henry Paul da Gary Connolly. Sheffield Eagles kuwa sai a 1984 aka kafa ta, a garin da ƙwallon ƙafa ta mamaye. Ta ci 17 da 8 a Wembley. Amma ga abin da masu kafa hujja da wasan kan tsallake: Sheffield ba ƙungiyar rukuni na biyu ba ce a lokacin. A Super League take, 'yan wasanta ƙwararru ne masu cikakken albashi, suna karawa da su Wigan ɗin a kakar wasa. Ƙaramar ƙungiya ce a suna da aljihu, ba a huhu ba. Haka ma Featherstone Rovers, ƙungiyar ƙauyen masu haƙar kwal da ta doke Hull 14 da 12 a wasan ƙarshe na 1983, a babban rukuni take, ko da yake a ƙasan tebur. Saboda haka wanda ƙungiyarsa ke atisaye da dare bayan aiki, in ya ce 1998, ya ɗauko misalin da bai yi daidai da halinsa ba.

Duk da haka wasan na 1998 yana koyar da yadda ake yi. Sheffield ce ta fara ci tun a mintunan farko, Nick Pinkney ya cafke ƙwallon da Mark Aston ya ɗaga sama. Ba su yi wasan burgewa ba. Sun riƙe ƙwallo, Aston yana ta tura Wigan can ƙarshen fili da ƙafa, suna ɗaukar duk makin da ya samu, har da guda ɗaya. Aka je hutu suna gaba, Wigan ce ta koma mai bin baya, kuma mai bin baya shi ke gaggawa, mai gaggawa shi ke yar da ƙwallo. Aston ne ya karɓi kyautar Lance Todd ta gwarzon wasan. Kocinsu John Kear ne, ka riƙe sunan nan.

Misalan da suka dace da halin abokan aikinka su ne inda ƙungiyar rukuni na biyu ta fitar da ta sama da gaske, kuma akwai su, sai dai ba su da yawa. A Fabrairun 1996 Salford ta tari Wigan a filinta na Willows ta doke ta 26 da 16, ta kawo ƙarshen shekaru takwas da Wigan ta yi ba a fitar da ita daga kofin ba. Kocin Salford a ranar Andy Gregory ne, tsohon ɗan wasan Wigan da ya san cikinta da bayanta. A Mayun 2019 Bradford Bulls ta fitar da Leeds Rhinos 24 da 22 a Odsal, kuma kocin Bradford a ranar shi ne John Kear ɗin nan. Leeds kuwa kwanaki kaɗan kafin wasan ta sallami kocinta David Furner, tana can ƙasan teburin Super League, gida a rikice. A Fabrairun 2025 Bradford ta sake yi wa Castleford haka, 18 da 16, a Odsal ɗin dai. Ka lura da abin da ya haɗa su. Duka a gidan ƙaramar aka yi. Duka ƙananan tsofaffin manya ne, masu 'yan wasan da suka san babban rukuni. Kuma a biyu daga cikin ukun, babbar ta zo ne tana ɗingishi.

Yanzu ga abin da ni nake dubawa idan aka tambaye ni ra'ayi kan irin wannan karawa. Na farko ba tebur ba ne, ba kuma yawan tirai da ƙungiya ta ci ba. Ina neman sanin sau nawa take kammala kamunta shida ba tare da ta yar da ƙwallo ko ta yi laifi ba. Masu horarwa kan so a kammala aƙalla kashi 80 cikin 100, kuma ƙaramar ƙungiya da ke son fitar da babba sai ta wuce haka. Lissafin a fili yake: in ka fi abokin karawarka yar da ƙwallo sau biyar, ka ɗora wa kanka ƙarin kamu kusan 30, kowanne da ja da bayansa na mita 10. Laifi ma haka. Tun 2020 aka kawo dokar da ke ba alƙalin wasa damar sabunta kamu shida nan take idan mai tsaro ya daɗe kwance a kan wanda ya kayar, ba tare da an tsayar da wasa ba. Wannan doka ta cutar da ƙananan ƙungiyoyi ƙwarai, domin rage gudun wasa a wurin kamu shi ne makaminsu na gargajiya. Ga kuma katin gargaɗi, wanda a nan fita ce ta minti 10. Mutum 12 su tsare faɗin fili a gaban ƙwararru 13 na tsawon minti 10, sau da yawa a nan wasa ke ƙarewa.

Sai ka tambayi abokan aikinka lafiyar mutum huɗu: masu lamba 1 da 6 da 7 da 9. Su ne ƙashin bayan ƙungiya, ta hannunsu kowace ƙwallo ke bi. Mai lamba 9 shi ke ɗaukar ƙwallo daga ƙasa bayan kowane kamu ya zaɓi inda za ta, 6 da 7 su ke tsara hari da bugun ƙafa, mai lamba 1 yana baya yana jera masu tsaro da baki. In ɗaya daga cikin huɗun nan na babbar ƙungiya ya ji rauni, damar ƙaramar ta ƙaru fiye da a ce 'yan gefe biyu ne ba su nan. In kuwa na ƙaramar ne babu, to magana ta kusa ƙarewa, domin ba ta da wanda zai maye gurbinsa.

A cikin huɗun nan ma, mai ƙafa ya fi kowa tsada a wasan kofi, kuma a nan nake so in daɗe kaɗan, domin magoya baya kan raina shi. Ƙungiyar da ba za ta iya cin mita da ƙarfin ƙirji ba, za ta iya cin su da ƙafa. Akwai bugun da ake kira 40/20: ka buga daga cikin mita 40 na gidanka, ƙwallo ta yi tsalle a fili ta fita a cikin mita 20 na abokan karawa, sai a ba ku ƙwallon a can. Bugu ɗaya ya juya wasa. A wasan ƙarshe na 2016 Warrington na gaban Hull FC da 10 da nema, lokaci ya ja, sai Marc Sneyd ya yi irin wannan bugu, Hull ta farfaɗo ta ci 12 da 10, karo na farko da ta yi nasara a Wembley. Ana saura ɗan lokaci Ben Currie na Warrington ya kai bakin layi, hannu ya miƙa zai dangwala, Danny Houghton na Hull ya cim masa ƙwallon ta suɓuce. Kamu na 52 ke nan da Houghton ya yi a ranar, har yau mutanen Hull da wannan lambar suke kiran abin. Ka duba sauran wasannin ƙarshe da aka yi kankankan. A 2005 Hull ta doke Leeds 25 da 24 a Cardiff, makin nan ɗaya na Danny Brough ne ya raba, kocin kuma John Kear. A 2020 Leeds ta doke Salford 17 da 16 da bugun Luke Gale. A 2023 Leigh da Hull KR, wata ƙungiyar dabam a garin Hull, suka tashi 16 da 16, aka shiga ƙarin lokaci inda wanda ya fara cin maki ya ɗauki kofi, Lachlan Lam na Leigh ya buga ta shiga, mahaifinsa Adrian Lam na gefen fili a matsayin koci. A 2025 Hull KR na bayan Warrington har saura mintuna kaɗan, Tom Davies ya ci tirai, Mikey Lewis ya buga bugun ƙari daga gefe, Hull KR ta ci 8 da 6. Ta ɗaya ɓangaren kuma akwai 1968, ranar da ruwan sama ya mayar da Wembley tafki: Wakefield ta ci tirai a daƙiƙar ƙarshe, bugun ƙari a gaban sanduna zai ba ta kofi, Don Fox ya zame ya ɓarar, Leeds ta ci 11 da 10. Kuma shi aka riga aka zaɓa gwarzon wasan. In ƙungiyar garinku ba ta da mai ƙafar da za a dogara da shi, ko ta riƙe wuta har ƙarshe, da wuya ta ƙarasa.

Benci kuma shi ne inda kuɗi ke magana. Kowace ƙungiya na da mutum huɗu a benci da damar canji takwas. Ƙartin gaba da ke fara wasa kan fita hutu wajen minti na 20 zuwa 25. Babbar ƙungiya tana cire ƙato ta sa ƙato. Ƙaramar tana cire gwaninta ta sa yaro ko tsohon da gwiwa ta gaji. Ka sa ido a wannan lokacin, daga fitar su zuwa hutun rabin lokaci.

Fili da yanayi suna taimakon ƙarami, kuma wannan ba camfi ba ne. Zagayen farko na kofin a tsakiyar hunturu ake yin su, Janairu da Fabrairu, ga ruwa ga taɓo. Jiƙaƙƙiyar ƙwallo ba ta son a yi ta jefa ta hannu zuwa hannu, taɓo kuma yana rage wa mai gudu gudunsa, sai maki su yi ƙaranci, wasan ya matso kusa da irin wanda sa'a ke da ta cewa a cikinsa. Filin Odsal na Bradford matsattse ne, a cikin wani ƙaton rami yake, kusurwoyinsa a ɗage saboda hanyar tseren motoci da ta kewaye shi. Filin Batley, Mount Pleasant, gangare ne da ido ke gani, rabin wasa kana hawa rabi kana sauka, kuma 'yan gida sun san yadda ake cin moriyarsa. Batley ɗin nan ita ta fara ɗaukar kofin a 1897. A 2025 an tsara cewa ƙungiyoyin Super League su shigo a zagaye na uku kuma a tura su gidajen ƙanana. Don haka ka tambaya a ina za a yi wasan. In an mayar da shi filin babbar saboda kuɗin ƙofa, ƙaramar ta sayar da rabin damarta, ko da yake ba na zargin shugabannin da suka yi haka, domin kuɗin rana ɗaya irin wannan kan riƙe ƙaramar ƙungiya watanni.

Idan ƙungiyoyin biyu a rukuni ɗaya suke, maganar ta canza baki ɗaya, kuma a nan tebur kan yaudari mutane. Super League na da ƙa'idar iyakar albashi, don haka tazarar da ke tsakanin ta ɗaya da ta shida ba ta kai yadda maki ke nunawa ba. A 2019 St Helens ta gama kaka da tazarar maki 16 a saman tebur, amma Warrington ta doke ta 18 da 4 a Wembley, alhali babban ɗan wasanta Blake Austin na jinya. Leigh da ta ɗauki kofin 2023 shekarar ce ta hauro daga rukuni na biyu, rabonta da shi tun 1971. Catalans Dragons ta Faransa ta fara kakar 2018 da shan kashi a jere, ta ƙare da ɗaukar kofin, ƙungiya ta farko daga wajen Ingila da ta yi haka. Tebur yana auna wanda ya fi jurewa wata takwas, kofi yana auna minti 80.

Tarihi kuwa, wanda magoya baya suka fi son jayayya a kansa, shi ne mafi ƙarancin nauyi a ma'aunina. Zuwa 2024 Wigan ta ɗauki kofin sau 21, fiye da kowa, amma Hull FC ta je har gidanta ta fitar da ita a Maris na 2025, alhali Wigan ce ke riƙe da kofin. Hull KR ta sha 50 da nema a hannun Leeds a wasan ƙarshe na 2015, shekara goma bayan nan ta ɗauka. Abin da tarihi ke yi shi ne cika fili da mutane, kuma cikakken fili yana da amfaninsa ga 'yan gida a lokacin da ƙafa ta fara nauyi.

Ga hukuncina kan gardamar wurin aikinku. In ƙungiyar garinku masu aikin rana ne, kuma wadda za ta zo tana cikin huɗun saman Super League da cikakkun 'yan wasanta, to masu fatan kada dukan ya yi yawa su ne masu gaskiya, kuma in aka je hutu da tazarar tirai ɗaya ko biyu, 'yan wasan sun cancanci a tashi tsaye a tafa musu. In kuwa tana cikin manyan rukuni na biyu, tana da tsofaffin 'yan Super League a lamba 7 da 9, wasan a gidanta ne cikin ruwan Fabrairu, baƙuwar kuma tana fama da raunuka ko rikicin koci, to damar ta gaske ce, ko da yake ni dai har a lokacin babbar zan ba rinjaye. Ranar wasan ka je filin da kanka, ka sa rigar sanyi mai kauri, ka tsaya a bayan sanduna inda ake ganin layin tsaro sosai. Ka ƙirga sau nawa 'yan gida suka yar da ƙwallo kafin hutu. In bai wuce biyu ko uku ba, kuma aka kai minti na 60 tazarar ba ta wuce maki shida ba, ka dubi 'yan babbar ƙungiyar: za ka ga sun fara jefa ƙwallon da ba su saba jefawa ba, suna yi wa juna magana da hannu. Daga nan wasan na kowa ne.